Mai Tutar Kombu

Bazara ta kusa ƙarewa, filayen shanyarmu kuwa babu komai a kansu sai tsakuwa. Kombu, ganyen ruwan da muke cirowa mu shanya mu sayar, na can ƙarƙashin teku, ya yi tsawo ya yi kauri, har ya fara tsufa. In ya wuce lokacinsa, ƙananan halittun ruwa su manne masa, bakin ganyen ya zagwanye, ko kyauta ba mai karɓa. Kowa ya san haka, kowa kuma ya san abin da ya hana mu ciro shi. Tsoho Sakuji ne ya ƙi ɗaga farar tuta.

A ƙauyenmu ba mai tura kwale-kwale sai da yardar mai tuta. Shi ke hawa tudu da asuba ya dubi ruwa, ya dubi sama, domin kombun da aka ciro da safe dole ya bushe kafin rana ta faɗi. Fara a fita, ja a zauna. Tun ina saurayi Sakuji ke riƙe da aikin nan, ba a taɓa yi masa gardama ba.

Bara ne ya ɗaga fara wata safiya mai kyau. Kafin hantsi wata igiyar ruwa ta taso daga can nesa, ba iska ba hadari, ta ɗaga kwale-kwalen ɗansa Noboru ta kife shi a kan duwatsu, gorarsa ta ciro ganye na maƙale a cikin kombu. Da ni aka ɗauko gawar.

Bana tun da lokacin cirar kombu ya kama, ja muke gani. Da farko mun yi shiru, mun ce a bar tsoho ya huce. Amma sai ka tashi ka ga teku kwance lumui, rana tangaran, ka ɗaga kai ka ga ja.

A rumfar masunta maganar ta fashe. Gonzo, wanda bakinsa ba ya ajiye magana, ya ce yanzu ko kofin shayi aka girgiza a gaban tsohon nan, ja zai ɗaga. Wasu suka yi dariya, wasu suka sunkuyar da kai. Aka yi ta ja, daga ƙarshe aka yanke cewa in gobe ruwa ya kwanta kuma aka ga ja, za a karɓe tutar. Ba a taɓa karɓe ta daga hannun mai rai ba. Da yake filin shanyata ne maƙwabcin nasu, ni aka ɗora wa kai saƙon.

Na same shi da yamma a gaban ɗan teburin magabata, ya kunna wa hoton Noboru turare. Mitsue, matar marigayin, ta kawo mana shayi ta koma gefe ta durƙusa. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi lafiyar gwiwarsa, na yi zancen zafi. Da na faɗi abin da ya kawo ni, bai ko ɗago ba. Cewa kawai ya yi su yi abin da suka ga ya dace.

Sai Mitsue ta yi magana.

“Baba, gobe ni zan fita da kwale-kwalen Noboru.”

Ya juyo ya dube ta. Ya ce wurinta filin shanya ne. Ta ce a gidansu ba ɗa namiji, ita ta tashi tana riƙe wa mahaifinta gora, kuma shi ma ya sani tun ranar da aka kawo ta gidan nan. Ta riga ta sa an gyara kwale-kwalen.

“In ja ce fa?” in ji shi.

“Zan zauna a ciki har ka sauko. Jibi ma haka.”

Ban shanye shayin ba na yi sallama.

Da asuba duk muka hallara a bakin ruwa, kowa tsaye kusa da kwale-kwalensa. Teku ko motsi ba ta yi. Mitsue ta zo da ɗankwali ɗaure a ka da dunƙulen shinkafarta a ƙunshi, ta sa gorar mijinta a kwale-kwalensa, ta shiga ta zauna. Gonzo ya buɗe baki zai yi ba’a, matarsa ta zungure shi da gwiwar hannu. Mitsue ba ta dubi kowa ba. Tudun kawai take kallo.

Muna hangen tsohon a can sama. Ya dubi gabas, ya dubi duwatsun da suka ci ɗansa, ya dubi bakin gaɓa. Ya daɗe a tsaye har sama ta fara haske sosai. Na ga ya sunkuya ya ɗauki wani abu, ya ajiye, ya sake ɗauka.

Fara ce ta hau.

Ba wanda ya yi ihu. Injina suka tashi gaba ɗaya, muka bazu a kan ruwa. Na zura gora na murɗa, na ji nauyin kombu ya kama kafaɗuna, ganye baƙi mai santsi, tsawonsa ya ninka mutum. Ina ja ina satar kallon Mitsue. Ta kauce wa duwatsun nan, ta tsaya inda ruwa ke da zurfi, tana ja a hankali ba ta fasawa. Duk wanda ya cika ya kai gaɓa, mata da tsofaffi su ja ganyen su shimfiɗa a kan tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya koma. Da rana ta ɗaga tsoho ya sauke tuta, muka fito. Na ƙirga da ido, ba wanda ya ɓace.

Kafin la’asar kombun ya bushe ƙayau, ƙanshinsa ya cika ƙauyen. Muna cikin ɗaurewa sai ga Sakuji ya sauko ta tsakiyar filayen, tutocin biyu naɗe a hammatarsa. Ya wuce kowa ya tsaya a gabana, ya rusuna, ya miƙo mini su. Ya ce in kai rumfa a zaɓi wani.

Gonzo ya matso yana murza hularsa. “Haba tsoho, ai maganar ta wuce. Ka san bakina ba linzami. Dubi irin ranar da ka ba mu.”

“Ba ni na ba ku ba,” in ji Sakuji. “Yau ban ga ruwa ba. Tun bara ba na ganinsa, duk inda na duba igiyar nan ce. Yarinyar nan na gani zaune tana kallona, na ɗaga. Ƙila gobe ruwa ya ɓaci, ta sake zama tana kallona.”

Mitsue na durƙushe a filinsu tana jera busasshen ganye, ta ji komai. Ta tashi ta rusuna masa sosai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Na karɓi tutocin da hannu biyu. Ya juya ya nufi filin gidansa, ya tambaye ta wane layi ne ba a kwashe ba, ta nuna masa na can ƙarshe.