Tagullar Benci na Uku

Odessa Whitlock na goge sunan kakanta a karo na uku sai mai hoto ya shigo.

Cocinsu na Episkofal da ke tsakiyar Baltimore zai cika shekara ɗari biyu. Kowane benci yana da ɗan allon tagulla mai sunan iyalin da suka fara zama a kai, kuma ɗaya za a zaɓa a sa hotonsa a bangon littafin tarihin cocin. Odessa ce ke goge su duk Asabar, ban da na benci na uku, na dangin Marguerite Pell. Wata takwas ke nan tana tsallake shi, tun ranar da aka ba Marguerite shugabancin kwamitin biki, matar da ba ta ma san inda ake ajiye tsintsiya ba. Kishi ne, Odessa ta sani, kuma ba ta da niyyar tuba kafin a buga littafin.

Mai hoton ya duƙa kan na Whitlock, ya yamutsa fuska.

"Mama, wannan ai kamar jiya aka sayo shi."

"Kakana ya zauna nan tun kafin a haifi kakanka, ɗan nan."

Bai ma ji ta ba. Ya riga ya isa benci na uku, inda tagullar ta yi kore, harufan suka yi baƙi.

"Yauwa! Ga shekara ɗari biyu a fili. Kada wanda ya taɓa shi."

Marguerite, da ta shigo tare da shi, ta dafa ƙirji, ta juyo da murmushin nan nata.

"Odessa 'yar'uwa, ashe da gangan kika bar mana shi? Ni kuwa har na kai ƙararki wajen Fada, limaminmu. Yafe ni."

"Ba komai," in ji Odessa.

Mai hoton ya ce bari ya ɗauko fitilu a mota. Marguerite ta bi shi tana ba shi labarin kakanninta, har ƙofar ta rufe.

Odessa ta dubi ƙofar, ta dubi tsumman da ke hannunta. Motar na can tsallaken titi, minti biyar ko shida. Ta shiga benci na uku, ta durƙusa kamar mai addu'a, ta buɗe gwangwanin man gogewa.