Mai Sauƙi Dai

Da aka sallami Baba daga asibiti, hannunsa na dama bai biyo shi gida ba. Yana nan a jikinsa, amma ya daina karɓar umarni. Likita ya ce kada a bar shi shi kaɗai, don haka aka kai shi gidan Auta, ƙaramin ɗansa, wanda furfura ta cinye rabin gemunsa amma har yanzu ba wanda ya tuna ya sake masa suna.

Baba ya yi kwanaki a falo yana kallon bango, sannan ya sanar cewa zai koma gidansa. Gidan nasa bene ne mai matakala tsaye, babu kowa a ciki sai ƙadangaru, kuma kowa ya san in ya sake faɗuwa a can ba mai jin ƙarar. Ya ce shi ba kayan ado ba ne da za a jingine a kujera kowa ya fice aiki da makaranta. Labarai suna tayar masa da hawan jini. Abin da yake so kawai shi ne tsofaffin wasannin ƙwallon da ya tara a kaset tun yana aiki, waɗanda ya san wanda zai ci kafin a busa usur. An riga an juye masa su a ma'ajiyar kwamfuta, sai dai talabijin ɗin falon tsohuwa ce, ba ta san hanyar da za ta karɓe su ba.

Yaya, babbar 'yar Baba, ta kira daga garin da take aure. Ta ce wa Auta in bai samo wa tsohon abin yi ba, to ya shirya ɗaukar alhakin matakalar nan.

"Ka haɗa masa wani abu da zai riƙa kallo a talabijin ɗin," in ji ta. "Mai sauƙi dai, ka ji ko? Mai sauƙi."

Auta ya ce ya ji. Rabon da Yaya ta faɗi maganar da ta yi masa daɗi haka har ya manta.

Auta malamin dabarun bincike ne a kwaleji, mutumin da ba ya sayen buroshin haƙori sai ya kwatanta uku. A shaguna akwai wani ɗan akwati kamar sabulu da ake jonawa da talabijin, da rimot ɗinsa. Auta ya karanta a kansa, ya gano cewa kuɗin kwali da talla ake biya. Shi zai haɗa kwamfutar kallo da hannunsa, ɓangare-ɓangare, kowane ɓangare mafi araha a nau'insa.

Ya shiga layin masu kayan kwamfuta kamar mai neman miyagun da suka cuci mahaifinsa. Ya samu furosesa, wato zuciyar kwamfutar, ta hannu daga wani ofis da ya rufe. Katin hoto ya ce ba a buƙata, tunda a wasannin Baba ƙwallon kanta ɗigo ce fara, 'yan wasa kuma sai ta launin riga ake gane su. Ƙwaƙwalwar kwamfutar kuwa, wadda ake sayarwa sanda-sanda, ya sayi sanda ɗaya. Wani mai shago ya nuna masa siririn akwatin kwamfuta da zai shige ƙarƙashin talabijin, da fanka marar ƙara, da rimot, kowanne da murmushin mai son ciniki. Auta ya san wannan murmushin, don haka ya ƙi su duka. Ya ɗauki ƙaton akwatin ofis mai lamba a gefe, wanda aka ba shi kyauta saboda yana tare hanya. Rimot kuwa, ya tuna akwai tsohon kibod a saman kabad.

Matarsa ta ga akwatin ya shigo falo, ta tambaya ko firji ne. Ya yi mata bayanin abin da ya rage a kan kowane ɓangare. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta kwashe tangaran ɗinta daga kan shiryayye ta ba akwatin wuri.

Ranar Asabar da yamma aka yi gwaji. Yaya ta zo takanas. Jakar Baba tana bakin ƙofa, don ya ce in abin bai yi ba, a motar Yaya zai tafi.

Auta ya durƙusa ya danna maɓalli a bayan akwatin, saboda na gaban ya mutu tun a tsohon ofishinsa. Fankar cikin akwatin ta tashi da wani irin gurnani kamar injin niƙa. Sai ya juya ga Baba ya ce abin ba wuya: a jira rubutu ya gama gudu, a danna maɓallai uku a lokaci guda, a rubuta lambar sirri, a buɗe jakar fayil ta biyu a cikin ta farko, shi ke nan. Wayar kibod ɗin ba ta kai kujerar Baba ba, sai an jawo kujerar har gaban talabijin.

Baba ya ɗaga hannunsa na hagu ya dube shi, ya dubi maɓallan ukun, biyu a wannan gefe, ɗaya a wancan.

"Auta," in ji Yaya, "wannan ne mai sauƙin?"

"Yaya, ko rabin kuɗin ɗan akwatin nan bai ci ba."

"Sauƙin aiki na ce maka, ba sauƙin aljihunka ba. Mutum da hannu ɗaya, ka kawo masa jirgin sama ya tuƙa?"

Auta ya fara bayanin cewa kalmar tana ɗaukar ma'ana biyu, kuma a ƙa'ida mai magana ne ya kamata ya fayyace. Matarsa ta shiga kicin, aka ji ta kunna famfo da ƙarfi. Yaya ta ɗauki mukullin mota ta ce yanzu za ta je ta sayo ɗan akwatin, in ma Baba zai tsaya jiransa.

Baba bai ji su ba. Ya karkata kai wajen gurnanin. Kafin ya yi ritaya shi mai duba ayyuka ne a ma'aikatar gine-gine, kuma bai taɓa wuce aikin banza bai tsaya ba. Ya tambayi abin da ke kuka. Auta ya ce fanka ce. Baba ya ce fankar kirki ba ta kuka, a buɗe ya gani.

Aka kwantar da akwatin a kan tebur. Baba ya sa tabarau, ya riƙa nuni da hagu. Ya ce sandar ƙwaƙwalwar nan fis ce, irin ta wutar lantarki, kuma ta ƙone. Ba ta ƙone ba, kuma ba fis ba ce. Ya sa aka kwance wayoyi aka sake ɗaure su a jere, don wanda ya ɗaura su haka ko kwangilar keji bai kamata a ba shi ba. Ya sa aka ɗiga wa fankar man keken ɗinki, ta yi shiru na ɗan lokaci, ta dawo da sabuwar murya. Ya kira Auta sakarai sau da yawa, da ƙarfi, da cikakkun kalmomi. Tun da ya fito asibiti ba a ji ya haɗa jimla uku a jere ba sai ranar. Yaya ta zauna da mukulli a hannu tana kallonsa.

Da aka mayar da murfi, Baba ya jingina, yana haki kaɗan. Ya ce wa Yaya kada ta ɓata kuɗinta a kan wani ɗan akwati.

"Tafiya dai zan yi," in ji shi. "Amma ba zan bar yaron nan da wannan abin kunya a falo ba, a ce ni na haife shi. Ranar da kwamfutar nan ta yi aiki yadda ya kamata, ranar zan tafi. A mayar da jakata ɗaki."

Washegari Auta ya zauna neman sabuwar fanka a intanet. Ya samu wadda za a kawo gobe, ya kuma samu irinta da za ta zo ta jirgin ruwa, wata biyu ko uku, ba tabbas. Ya zaɓi ta jirgin ruwa. Matarsa tana tsaye a bayansa, sai ya ce mata, ba tare da ya juyo ba, ta fi araha.

Ta ce ta gani. Ta ce ya bar maganar doguwar wayar kibod tukuna, sai fankar ta iso a yi odarta.