Ranar da Baba Ya Kira Sarkin Hannunsa

Tun da Baba Firmin, mahaifina, ya samu shanyewar ɓarin jiki, na mayar da wasan kartarmu na ranar Lahadi, wanda ake kira tarot, kicin ɗina. Likita ya ce kada a bar shi ya zauna shiru, ni kuma na san in ya bar teburin nan, sai ɗaki da kallon bango.

Mu biyar ne, ban da jaririyata da ke cinyata: ni, Baba, Gaspard tsohon mai yin cuku, Odile maƙwabciyarmu, da mijina Aurel. A wasan mutum biyar, wanda ya ɗauki wasa, wato ya ce zai kara da sauran, yakan kira sarkin karta ɗaya, mai riƙe da shi ya zama abokinsa a ɓoye.

"Na ɗauka," in ji Baba. "Sarkin zuciya."

Aka yi ta wasa, kowa na satar kallon kowa, sarki bai fito ba. Can Baba ya zaro wata karta, sai ga sarkin ya zamo daga bayanta ya faɗo kan tebur. Hannunsa na hagu ne bai baza kartocin sosai ba. Ashe kansa ya kira, shi kaɗai ke nan da mu huɗu.

Kunnuwansa suka yi ja. Ya fara lalubar sandarsa.

"Na gama," ya ce a hankali. "Ku nemi wani."

"Baba, ba komai," na ce, ina miƙa hannu in tattara kartocin. "A sake rabawa, wannan ba ya cikin lissafi."

Odile ta danne mini hannu. "Ke Solène, bari. Ba jaririyarki ba ne."

Gaspard ya buga tebur har kofin kofi ya yi tsalle. "Kai tsohon banza, raina mu ka yi? Kai kaɗai da mu huɗu? To zauna ka ƙarasa, yau sai na tuɓe maka wando!"

"Kuskure ne, Gaspard."

"Kuskuren me? Wanda ya kira kansa ya ji da kansa. Sa karta!"

Baba ya dube shi, ya saki sandar.

Wallahi ba su raga masa ba. Suka yi ta farautar Autansa, wato ƙaramar karta mai lamba ɗaya da kowa ke ɓoyo, har Odile ta cafke ta tana dariya. Ni ma na jefa abin da ya kamata in jefa. Baba ya sha kaye mai muni.

"Ɓarayi," in ji Baba, muryarsa ta dawo. "Huɗu a kan gurgu, ba ku ji kunya ba? Ke ma Solène, da ke aka haɗa baki!"

"Da ni, Baba."

Ya tura wa Aurel kartocin da hannunsa mai lafiya. "Raba, yaro. Kuma ka raba a hankali, ina kallonka."