Ƙwan Ranar Laraba

A gidan kiwon namun dajin da ke bakin gari, mariri, wato manyan barewar nan masu dogon ƙaho, bakwai suka rage, mata shida da namiji guda, wanda ma'aikata ke kira Dattijo. Irinsu ya kusa ƙarewa, ga shi ƙafafun Dattijo na baya sun gaza, ko kusa da matan ba ya zuwa. Baba Mai Ciyawa, da ya shekara goma sha tara yana zuba masa abinci, ya fi kowa sanin haka.

Shi ya sa Likita, mai duba lafiyar dabbobin gidan, take yi wa dabbar allurar barci, ta ɗebi maniyyinsa, ta gauraya da wani ruwan magani da gwaiduwar ƙwai, ta ɗura a siraran bututu, ta ajiye cikin tulun ƙarfe mai hayaƙin sanyi, don a sa wa matan idan lokacinsu ya zo. Gwaiduwar, in ji ta, ita ce bargon da ke kare ƙwayoyin maniyyin daga sanyi. Sau huɗu aka yi. Sau uku, da ta narkar ta duba a madubinta mai ƙara girman abu, ƙwayoyin suna kwance ba motsi. Na wata Laraba ne kaɗai suka farka, su ma kaɗan ne, gwaji ya cinye su.

Wata safiya Baba ya shiga ɗakin gwajin ya tarar da ita ta tasa littafinta a gaba.

“Baba, jibi za mu sake,” ta ce. “Kuma shi ne na ƙarshe. Zuciyarsa ba za ta ɗauki wata allurar ba bayan wannan. Na bi rubutuna layi-layi, komai iri ɗaya na yi. Me ya bambanta Larabar nan?”

Baba ya tsura wa tulun ido, ya ce Allah ne masani, ya fita.

Amma shi ma ya sani. Likita ta kafa doka cewa ƙwan babban kanti kawai za a kawo mata, wankakke, mai hatimi, don tsoron cuta. Ran Larabar nan keke ya kayar da shi a hanya, ƙwan suka fashe duka. Ya juya gida ya kwashi huɗu da kajin maiɗakinsa suka saka da safen, ya goge su, ya jera a kwalin kantin, ya miƙa bai ce uffan ba.

Da la'asar ɗin ranar da Likita ta yi masa tambayar, ya faɗa wa maiɗakin nasa tana shara a tsakar gida. Ta jingina tsintsiya ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Ashe kai ne ɓarawon! Ni kuwa wata guda ina zagin karen maƙwabta.”

“Ke, maganar ba ta dariya ba ce. In na faɗa, ta san na yi mata ƙarya. In kuma ba ƙwan ba ne, na tona kaina a banza.”

“To in ƙwan ne fa, Malam, ka yi shiru?”

Washegari ya daɗe a bakin shinge yana kallon Dattijo yana tauna a hankali, dogayen ƙahoninsa na taɓa bango. Sannan ya cire hula ya shiga wurin Likita, ya zayyana mata komai, tun daga faɗuwar keken. Ta ɗago ta tambaye shi.

“Na ranar ne? Da ɗuminsu?”

“Da ɗuminsu, Likita.”

“Na kanti kan yi sati biyu a hanya, ban taɓa kawo wannan a raina ba.” Ta rufe littafin. “Baba, da ka faɗa tuntuni, da ba mu wahalar da shi sau biyu bayan nan ba.”

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce. Ya ce ta yi haƙuri. Ta ce ba ta da tabbas ƙwan ne, amma gobe ya kawo shida, ita za ta goge ɓawon da magani da hannunta.

Aka yi aikin. Dattijo ya daɗe bai farfaɗo ba, Baba na tsugune yana shafa wuyansa, sai wajen azahar ya ɗaga kai.

Bayan kwana uku Likita ta narkar da bututu ɗaya cikin arba'in ɗin da ta ajiye. Ta duba, ta daɗe, sannan ta matsa gefe.

“Zo ka gani da idonka.”

Bai taɓa leƙa madubin ba. Da fari haske kawai ya gani. Ta murɗa masa wani abu a gefe, sai ga su, ɗigo-ɗigo masu wutsiya, wasu a kwance, amma mafi yawa suna ta kai da komo.

“Duk waɗannan nasa ne?” ya tambaya, bai ɗago ba.

“Nasa ne. Saura mu ga ko matan za su ɗauka.”

Baba ya gyara tsayuwa, ya rufe ɗaya idon da tafin hannu don ya gani sosai.