Ba a Shiga Gari da Jini

Ƙarar ta girgiza gangaren dutsen har tsuntsaye suka watse daga cikin gora. Kafin Bunyong ya yar da fartanyarsa ya riga ya san ko mece ce. Duk wanda ya tashi a kwarin nan ya san muryar ƙananan bama-baman da tsohon yaƙi ya bari a ƙasa, masu girman lemo, suna kwance suna jiran ƙarfe ya taɓa su.

Gonar rogon Kamlek ce ke hayaƙi. Kamlek ƙanin matarsa ne.

Bunyong ya same shi rigingine tsakanin kunyoyi, ƙafar hagu daga gwiwa zuwa ƙasa ba kyan gani. Masu gonakin kusa sun taru, amma can nesa suka yi cirko-cirko. Mata sun rirriƙe Nuan, matar Kamlek, tana fizga suna janye ta. Babu mai taɓa wanda jini ke shirin kashewa, don in ya cika a hannunka kurwarsa kai za ta bi har gida.

Bunyong ma da wannan aka raine shi. Damina nawa ke nan yana bin Yesu, tun da ya je aikin gonar kofi a kan tudu ya dawo da labarin, amma fatar jikinsa ba ta manta ba. Ya durƙusa, ya kwance ƙyallen ƙugunsa, ya ɗaure cinyar, ya zura kara ya murɗa har jinin ya rage tsartuwa.

"Yaya," in ji Kamlek, leɓɓansa sun yi fari. "Ƙafata tana nan?"

"Tana nan. Fushi ta ɗan yi da kai."

"Malamin Lahadi ma yana ƙarya ashe."

"Rufe bakinka, ka bar mini sauran numfashin."

Ya ruga ya tayar da tak-tak ɗinsa, 'yar taraktar nan mai jan amalanke, ya kawo shi bakin gonar. Ya dubi mazan da ke tsaye, kowa ya kau da kai. Nuan ce ta gantsara wa wata cizo a hannu ta ƙwace, ta zo ta kama kafaɗun mijinta, suka ɗora shi kan buhunan rogo.

"Riƙe karan nan," in ji Bunyong. "Ko hannunki zai tsinke kada ki saki."

Hanyar asibiti guda ce, kuma ta tsakiyar gari ta ratsa. Da suka gangaro, labari ya riga su. Baba Tongdam, mai tsafin gari, yana tsaye a ƙofar garin da lofensa a hannu, dattawa a bayansa.

"Tsaya nan, ɗana. Ka zagaya ta rafi."

"Rafi ya kawo, Baba. Ko ɓauna ba ta tsallakawa yau."

"To ka kwantar da shi a gindin itacen can. In da sauran kwanansa zai tashi."

"A gindin itace ba zai kai azahar ba."

Tsohon ya dubi amalanken, sa'an nan ya yi saurin ɗauke ido. Shi ne ya ɗaura wa Kamlek zaren kiran kurwa a wuyan hannu ranar da aka haife shi. Muryarsa ba ta mugunta ba ce, ta mai tsoro ce.

"Ka san abin da aka gada. Ba a shiga gari da jini. In ya cika a ciki, gari ya ƙazantu, sai an yanka ɓauna, sai an rushe gidan wanda ya shigo da shi. Kai ne kake tara mutane a ƙarƙashin gidanka, tsakanin dirkoki, kana cewa Yesunka ya fi iskokin dutse. Mun yi maka shiru saboda ubanka. Ga hanya, ba zan riƙe ka ba. Amma in ya mutu tsakanin ƙofar nan da waccan, kai da matarka da 'ya'yanka ba za ku kwana garin nan ba, kuma duk kwarin nan babu mai ba ku wurin kafa bukka."

Bunyong ya hango rufin gidansa ta kan kafaɗar tsohon. Ya hango rumbun shinkafar da bai gama rufewa ba. Ya so ya ji wani ƙarfi ya sauko masa daga sama, bai ji komai ba sai ɗacin yawu.

"Yaya Bunyong," in ji Nuan a hankali. "Hannunsa ya fara sanyi."

Ya saki birki.

Gari ya watse a gabansa. Mata suka kwashe yara suka haye gidajensu na kan dirkoki, aka riƙa janye tsani ana rufe ƙofa. Wata tsohuwa ta kifa tabarma kan barkonon da ta shanya. Aladu da kaji kaɗai suka rage a fili. Ruwan jiya ya mai da hanyar kunu, tak-tak ɗin yana tari yana jan ciki, har suka iso dandali, gaban babban zauren gari, inda ginshiƙan yanka suke tsaye da tsohon jinin ɓauna a jikinsu.

Nan tayar amalanken ta nutse. Injin ya yi gurnani, ya shaƙe, ya mutu.

Bunyong ya dira, ya zaro ƙarfen tayar da inji, ya zura ya murɗa. Jinin hannunsa ya sa ƙarfen ya suɓuce ya buge shi a ƙauri. Ya sake. Injin ya yi atishawa ya yi shiru.

"Ya daina magana," in ji Nuan. "Yaya, ya daina magana."

Ya zagayo da gudu. Idanun Kamlek a buɗe suke, sun kafe kan ginshiƙan.

"Kamlek. Kai, sarkin surutu. Dube ni."

"A ina muke?"

"Mun kusa."

"Dandali ne." Hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. "Ba zafin nake tsoro ba, Yaya. Ba za su binne ni kusa da mahaifina ba. A jeji za su yar da ni. Ba mai ajiye wa kurwata shinkafa, ba mai kiran sunana. In ta yawo ina tsorata 'ya'yana."

Bunyong ya san wannan tsoron kamar yadda ya san hanyar gonarsa. Duk maganganun da yake tsarawa ran Lahadi suka gudu suka bar shi.

"Yesun naka," in ji Kamlek, "yana karɓar masu mutuwar jini?"

"Shi ma ita ya yi."

Kamlek ya juyo da ido.

"Ita ya yi," in ji Bunyong. "Fitar da shi suka yi wajen gari, don kada ya ƙazanta musu wuri. Suka kafa shi a jikin itace da ƙusoshi, jini ko'ina, abokansa suka tsaya can nesa suna kallo. Babu mutuwar da ta fi tasa muni. Aka binne shi, ya tashi da ransa. Bai yi yawo a jeji ba, bai roƙi kowa shinkafa ba. Ya san hanyar nan, Kamlek, ya bi ta. Wanda ya kira shi ba ya barinsa a waje."

"Ba ka taɓa faɗa mini haka ba."

"Ka taɓa bari na gama magana?"

Bakin Kamlek ya ɗan motsa kamar zai yi dariya. "To ka gaya masa ina nan."

"Gaya masa da kanka, yana ji. Ni inji zan tayar."

Ya cusa hannuwansa cikin laka ya goge, ya kama ƙarfen. Yana murɗawa yana faɗin sunan Yesu da ƙarfi, ba don a ji ba, don ba shi da wata kalmar. Injin ya kama. Baƙin hayaƙi ya tashi, tayoyin gaba suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna feshin laka. Amalanken bai motsa ba.

Sai ga muryar Baba Tongdam daga bayansu, ta tsinke saboda haki.

"Ku sauko, ragwayen banza. Jira kuke ya mutu mana a gaban zaure? Ku tura."

Samari suka sauko suna ɗari-ɗari. Babu wanda ya yarda ya taɓa amalanken. Dogayen gora suka zaro daga shingen wani, suka tokare bayansa daga nesa, suka kau da fuska suka tura. Tsohon da kansa ya yar da lofe ya kama gora guda. Laka ta yi wani tsotso ta saki tayar.

Bunyong bai waiwaya ba. Gidaje suna wucewa, ƙofar gabas tana matsowa, shi kuwa kunnensa yana baya, yana jiran kukan Nuan. Suka wuce rijiya, suka wuce gidan maƙeri. Inuwar ƙofar ta gifta kansa.

"Yana numfashi?"

"Yana yi," in ji Nuan. "Magana yake, ban san da wa ba."

Sai a lokacin ya ji rigarsa ta jiƙe sharkaf. Ya buɗe baki zai yi godiya, ya ga hanyar a toshe.

Farar mota ce mai buɗaɗɗen baya, ta gindaya a kan 'yar gadar katako. Wani mutum ya fito, rigarsa a goge, takalminsa ba ɗigon laka. Ba ɗan kwarin ba ne. Ya leƙa amalanken, ya ɗaga wa direbansa hannu.

"Ku sa shi a bayan motata, ta fi wannan sauri."

Bunyong ya haɗa tafin hannuwansa a ƙirji. "Mun gode, ranka ya daɗe."

"Daga ofishin gunduma nake. An ce akwai wani Bunyong a garin nan mai tara mutane yana koya musu addinin Yesu ba da izini ba." Ya dube shi tun daga laka har zuwa ido. "Ka san shi?"

Direban ya riga ya kama kafaɗun Kamlek.

"Ni ne," in ji Bunyong.

"Madalla," in ji baƙon, ya buɗe ƙofar gaba. "Shiga nan kusa da ni."