Lungun da Jabir Zai Shiga da Baya

Sunana Nata'ala. Shekara goma sha bakwai ke nan ina gyaran wayar mota kusa da layin dogo a Agege, cikin Legas, kuma ina da wata ɗabi'a da abokan sana'a ke yi mini dariya a kanta. Ba na ɗaura wa mota ƙarin fitilar ribas sai na tambayi mai ita inda zai riƙa shiga da baya. Fitilar da aka saita don filin kasuwa, in aka shiga lungu da ita, bangon mutane kawai take haskawa.

Ranar Talata da hantsi Jabir ya kawo a-kori-kurarsa, wadda yake ɗaukar albasa da ita daga kasuwar Mile 12. Unguwa ɗaya muka taso da shi. Shi ne kuma na aika neman aure wajen yayan Rahamatu, wata bazawara mai sayar da atamfa da na shekara ina zuwa zance gidansu duk Alhamis. Ni tun rasuwar matata bakina ya yi nauyi a gaban manya, shi kuwa Jabir baki gare shi kamar rediyo. Mako uku da suka wuce ya dawo mini da amsa: ana shawara, in ƙara haƙuri, kuma in ɗan janye ƙafa don kada a ce na cika zumuɗi. Na janye. Har godiya na yi masa.

"Oga rewaya, fitila biyu nake so a bambar baya," in ji shi, yana miƙo mini kwalinsu. "Abeg, kafin Juma'a."

Na shimfiɗa kwali a ƙasa na kwanta. Na auna, na huda bambar gida biyu, na zura fitilun na ɗaure su sako-sako. Na ja waya daga batir ta ƙarƙashin bodi, na sa fiyus da rile mai buɗe wa wuta hanya, na haɗa da wayar tsohuwar fitilar ribas don su riƙa kamawa da kansu da zarar ya sa giya. Saura saiti.

"A ina za ka riƙa yin ribas ɗin?" na tambaye shi.

"Wani lungu ne. Kaya zan ɗauko."

"Da rana ai ba ka bukatar fitila."

"Da rana masu tebur sun toshe bakin lungun. Sai bayan magariba suke tashi."

"Faɗinsa fa?"

"Mota ɗaya, da ƙyar. Babu wurin juyawa a ciki, shi ya sa dole da baya." Jabir in ya fara magana ba ya sanin inda burki yake. "Akwai kwata a ɓangaren direba. In ka kai tsakiya akwai kwana, da baƙin tankin ruwa a kan ƙarfe, sai wata falwaya da ta karkata kamar za ta gaishe ka."

Sifanar ta tsaya a hannuna. Ni ne na fara cewa falwayar nan kamar za ta gaishe ka take, kuma a gabansa na faɗa, ranar da ya fara raka ni. A jikin ƙarfen tankin nan nake jingina in jira Rahamatu ta fito.

Daga inda nake kwance ƙafafunsa kawai nake gani, cikin sabon takalmi.

"Wane irin kaya?" na ce.

Ƙafafun suka motsa. "Gado ne, da kujeru."

"Kayan ɗaki ke nan."

Takalmin ya ja baya taku ɗaya. Wata danfo, bas ɗin haya, ta wuce tana hon.

"Jabir, da na aike ka wajen yayanta, sunan wa ka faɗa?"

Ya durƙusa har na ga fuskarsa. "Wallahi da naka na je. Zance ne ya kawo zance. Shebi ai ka san abin nufin Allah ne. Na so in gaya maka bayan an ɗaura aure."

"Juma'a?"

"Juma'a."

Ba zan ɓoye ba, na ji zafin da ban taɓa ji ba, kuma ba rasa matar ne ya fi ci mini rai ba. Masu gyaran waya sun fi ashirin tsakanin nan da Mile 12. Ni ya zaɓa, don ya san aikina ba ya mutuwa a hanya. Ya ɗauke mini mace, sannan ya zo in haska masa hanyar kwashe kayanta.

Abin ɓatawa a hannuna yake. In na ɗan kankare waya ɗaya na bar ta tana gogar ƙarfe, fiyus zai ƙone daidai lokacin da ya fi bukatarsa, ya zura taya a kwata da gadon amarya a baya, unguwa ta fito kallo. Na riƙe wayar na daɗe ina duban ta. Sai na naɗe ta da tef, na ɗaure ta inda ba za ta taɓa komai ba. Ba don shi na yi ba. Ban taɓa sakin aikin banza daga wurin nan ba, kuma ba zan bari ya ƙwace mini wannan ma ba.

Na ce ya shiga ya sa ribas. Fitilun suka kama, farare tas ko da rana. Ta wancan ɓangaren na bar ta a miƙe. Ta ɓangaren direba na sunkuyar da ita ƙasa, na karkata ta waje, na ɗaure notin tamau.

Ya fito ya duba. "Wannan ba ta yi ƙasa da yawa ba?"

"Haka za ta zauna. Bayan falwayar, taku huɗu kafin ƙofar gidansu, murfin kwatar ya karye. Ba ka ambata ba, don ba ka san da shi ba. Ni sau biyu ina faɗawa ciki."

Ya sake duban fitilar.

Na tattara sifanuna, na naɗe kwalin da na kwanta a kai. "Oya, ja motarka," na ce. "In sun lalace, kada ka kawo su nan."