Babban Yatsan Baba Ɗan'azumi

"Baba, press am again," in ji yarinyar da ke riƙe da na'urar rajista.

Baba Ɗan'azumi ya goge babban yatsansa a gefen riga, ya sake dangwalawa. Fitilar ta kawo ja. Ya gwada sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya, duk ja. Layin da ke bayanmu, wanda ya miƙe daga harabar makarantar da ake rajistar har bakin titin Agege, ya fara guna-guni da Hausa da Yarabanci.

Ni na fassara masa bayanin da yarinyar ta yi. Na'ura ba ta ganin zanen yatsansa. In babu zane babu kati, in babu kati babu shinkafa, babu kuɗin da aka ce za a riƙa tura wa talakawa tun da aka cire tallafin mai.

Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo. Shekara talatin da ɗaya yana shafa wa fatun shanu gishiri a bayan mahauta. Gishirin ya cinye masa yatsu, sun yi sumul kamar bayan cokali.

"Tela, ka ce mata ni ne. Ga ni a tsaye."

"Ta sani, Baba. Na'urar ce ba ta sani ba."

Yarinyar ba ta da mugunta. Ta ce za su dawo bayan sati biyu, ya sake gwadawa.

Sunana Hadi, ɗinki nake yi, ɗakina yana kallon nasa a gidan hayarmu. Ina da wani mugun hali, ban iya ganin matsala in kama bakina ba. A ƙafa muka dawo, don kuɗin motar haya ta danfo ya fi ƙarfinmu, a hanya na fara ba da fatawa.

"Baba, fata ai tana sake tsirowa. Ka bar gishirin nan sati biyu, ka riƙa shafa man kaɗe, zanen zai dawo."

"Sati biyu ba aiki, mu ci me?"

"Sati biyu ne fa kawai. Daga nan buhu ne, da kuɗi duk wata."

Har yau in na tuna yadda na faɗi maganar nan da gadara, sai ka ce wani likita, sai in ji na tsani kaina.

Ya ajiye aiki. Kullum yana kan benci a ƙofar gida, hannuwa a kan gwiwa, tafi a sama, suna ƙyalli da mai. Ko buta matarsa Inna Asama'u ke riƙe masa. Mahauta in sun zo wucewa sai su ce, "Baba ango, lalle aka sa maka?" Shi ma ya yi ta dariya.

Da sati biyu suka cika muka je, muka tarar da ƙofa a rufe. Mai gadi ya ce an ɗaga, ba a sa rana ba. A nan na ce wa Baba ya koma bakin aikinsa.

"In koma gishiri ya cinye abin da na tara? Duba nan."

Ya kawo min yatsan dab da ido. Ban ga komai ba, amma na ce na gani.

A lokacin babu ɗakin da ake ɗora tukunya sau biyu a gidanmu. In mun samu mukan miƙa wa su Baba, in ba mu samu ba kowa ya rufe labulensa. Daga baya Inna Asama'u ta gaya min yakan tura mata kwanon ya ce ya ci a masallaci. Maganinsa na hawan jini ya ƙare bai faɗa wa kowa ba. A mahauta kuma an ba wani wurinsa. Mutumin da yake saɓa ɗanyar fata biyu a kafaɗa ya koma in ya miƙe sai ya tsaya jiri ya wuce.

A sati na biyar aka yi sanarwa a masallaci cewa masu rajista sun dawo, kwana ɗaya tak. Muna sallame Asuba muka tafi. Ya naɗe hannuwansa da tsohon ɗankwalin matarsa, ya rungume su a ƙirji.

"Kar ka bari kowa ya goge min su, Tela."

Har Azahar muna cikin rana, saura kamar mutum ashirin a gabanmu. Sai wani ya ce katin ya kusa ƙarewa. Ban san wanda ya faɗa ba, na dai ji an turo mu daga baya. Akwai katanga a gefen Baba, da ya dafa da shi ke nan. Bai dafa ba. Ina kallo ya tafi gaba ɗaya, hannuwa a ƙirji, bai miƙa ko ɗaya ya tare ƙasa ba. Kansa ya bugi bakin kwata.

A cikin keke Napep, kafin mu kai asibiti, ya cika a kan cinyata.

Inna Asama'u ba ta yi min magana ko ɗaya ba. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Kafin La'asar muka yi masa wanka a tsakar gida, an kewaye da tabarmi. Liman ke wankewa, ni ke zuba ruwa. Da ya zo hannun dama ya warware yatsun a hankali, ruwan yana ta zamewa saboda mai. Na sunkuya. A kan babban yatsan akwai zane, siriri, ya kewaya ya kewaya har tsakiya, irin na jariri.

Ban san na tsaya ba sai da Liman ya taɓa min gwiwa.

"Tela," ya ce a hankali, "zuba ruwa."